Inda Ɗansa Yake

"Zauna, 'yata, in faɗa miki inda ɗana yake," in ji tsohon.

Ta ajiye cokalin magani ta zauna. Hukumar leƙen asiri ce ta turo ta gidan nan da sunan mai jinya, don ta gano inda ɗansa ya ɓuya. Wata takwas ke nan tana yanke masa farce, tana karanta masa Zabura, har kiransa Baba ya zauna a bakinta.

"Baba, kar ka faɗa. Yesu nake bi, in shugabana ya tambaye ni ba zan iya ƙarya ba. Kuma ba zan iya ba da ɗanka ba."

Ya lalubo hannunta yana murmushi.

"Tun makon farko na gane ki. Wace mai jinya ce take goge tarho kullum? Ɗana yana wurin Ubangiji, wata biyar ke nan. Na yi shiru ne don kar su ɗauke mini ke."

Washegari ta kai rahoton gaskiya tare da takardar barin aiki, ta dawo kafin ya tashi daga barcin rana.