Awa Shida da Rabi

Inna ba ta nan yanzu. Gadonta na nan, da kofin da take shan magani, da takardar da Auta ta rubuta mata aka manna a bango: kilomita dubu huɗu da ɗari shida, awa shida da rabi a jirgin sama. Nisan da ke tsakanin Inna da babban ɗanta Yaya ke nan, wanda ya tafi aiki wata ƙasa shekara biyar da suka wuce.

Inna ba ta karatu, amma ta haddace lambar. Duk mai dubiyar da ya tambayi Yaya, sai ta biya masa ita tas, ta ƙara da cewa, "Ba halinsa ba ne, nisa ne."

Wata bakwai Auta na juya ta, tana wanke ta, tana sauya zanin gado sau uku a yini. Agogonsu shi ne tsohon ladanin unguwa, wanda ba ya kiran salla sai ya yi tari uku a cikin lasifika. "Ga maganina ya yi tari," in ji Inna, ta miƙo hannu a ba ta ƙwaya.

Yaya kuwa sai waya. Da can yana kiran bidiyo, amma shekara biyu ke nan ya koma murya zalla, wai kamfani ya hana. Kullum da hantsi yake kira, minti uku ya katse. Wani abokinsa kan kawo saƙon madara, irin wadda ake sayarwa a shagon bakin titi. Inna takan shafa gwangwanin ta ce ta waje ta fi ƙamshi.

Ranar Laraba likita ya ce a sanar da na nesa.

"Yaya, ka taho. Sunanka kawai take kira."

"Auta, kin san nisan nan kuwa? Jirgi fa ba motar haya ba ce. Sai an samu kujera, sai an ba ni hutu."

Inna ta ce a bar ƙofar ɗaki a buɗe, kada ya iso ya tsaya ƙwanƙwasawa. Ta lissafa awa shida da rabi, ta sake lissafawa. Da safiyar Juma'a ta cika, fuskarta na kallon ƙofar.

Bayan an dawo daga maƙabarta, gab da la'asar, Yaya ya kira. Bai taɓa kira a wannan lokaci ba. Yana kuka yana jan majina. "Nisa ya cuce ni, ƙanwata. Da tafiyar ƙafa ce, wallahi da rarrafe zan zo." Ya yi ta yi, har ya manta da agogo.

Sai ladan ya yi tari. Auta ta ji shi ta taga. Ta ji na biyu da na uku a cikin wayar, ras, sun fi na tagar ƙarfi.

Ta ajiye wayar a kan gadon ba ta katse ba, ta fita bakin rariya ta tofar da yawu.

Ku taya ta addu'a, Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ita da ta rasu tana lissafin awa shida da rabi, alhali ɗan da take jira ya shekara biyu a ɓoye a ɗakin haya da ke jikin masallacin unguwarta.