Baturen da Ya Fito Daga Bayan Majigi

Ba-Gudu, mai gadin makarantar, ya sha gaya wa duk mai kunne cewa shi da tsoro ba su taɓa gaisawa ba. Wai ranar da aka yi rabon tsoro yana banɗaki.

A banɗakin kuwa aka same shi makonni biyu da suka wuce, ya kulle kansa ta ciki, saboda wani abu ya yi motsi a sito. Da aka buɗe siton, mage ce da 'ya'yanta uku. Shugabar makaranta, wata gajeriyar mace mai ɗan ɗingishi, ko faɗa ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi ƙarshen wata za ta duba ko makaranta tana bukatar mai gadi, ko kuwa magen ta isa. Ba-Gudu kuwa 'ya'ya shida gare shi, ga ƙarshen wata saura kwana tara.

Sai ga dama ta faɗo. Makaranta za ta nuna wa ɗalibai da iyayensu wani tsohon fim, baƙi da fari, wanda aka yi daga littafin da manyan ɗalibai ke karantawa. Labarin wani Baturen mulki ne da ya ce sai ya fitar da titi ta tsakiyar maƙabartar wani ƙauye, mutanen ƙauyen suka ce sai dai ya bi ta kansu.

Ba-Gudu ya fara shuka jita-jita. Ya gaya wa masu shara, a asirce, cewa wanda ya fito a Baturen nan ya mutu tun ba a gama fim ɗin ba, kuma duk inda aka haska shi yana zuwa ya kalli kansa. Kafin kwana uku, har shi aka zo ana ba labarin.

Daga akwatin 'yan wasan kwaikwayo ya kwaso farin kwat da wando, hular kwano, safar hannu da bandeji, ya ɓoye a bayan farin ƙyallen da za a haska. Abokinsa Mai Aski ne zai sa kayan. Dogo ne kamar falwaya, kuma rabin malaman makarantar a shagonsa suke aski, ga shi bakinsa ba ya riƙe magana. Shirin mai sauƙi ne: Bature zai fito, mutane su rikice, Ba-Gudu ya ci kwalarsa, Bature ya arce ta ƙofar baya.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu aka rufe tagogin babban ɗakin taro da barguna. Shugaba ta yi wa iyaye maraba, ta ce tana da baƙo a ofis, ta fita.

Ba a yi minti goma ba ɗakin ya ɗau zafi. Da Baturen ya buga sandarsa a kan wani kabari, wata tsohuwa ta miƙe ta yi masa daƙuwa da hannu biyu. Da tafintan Baturen ya juya maganar dattawa, ya mai da roƙonsu zagi, sai aka fara jifan ƙyallen da ɓawon gyaɗa. Wani uba mai tabarau yana ta cewa ba haka yake a littafi ba, babu mai sauraronsa.

Amma da dokin Baturen ya kayar da shi cikin wani kabari da aka tone, aka fito da shi fuska duk a naɗe da bandeji, sai ɗakin ya yi tsit. Kowa ya tuna abin da masu shara suka faɗa. Wata uwa ta jawo 'yarta jikinta.

Ƙyallen ya girgiza.

Farar safar hannu ta ɗaga gefensa. Baturen ya fito, hular kwano a ka, fuska a naɗe, yana jan ƙafa ɗaya. Aka fasa ihu. Kujeru suka kife, ana rige-rigen ƙofa. Layin malamai ne kaɗai bai motsa ba.

"Kowa ya zauna! Ina nan!" in ji Ba-Gudu.

Ya taka da isa har gaban ɗakin, ya damƙi kwalar Baturen. Sai ya ji wani abu bai yi daidai ba. Kwalar Mai Aski sai ya yi miƙa yake kai mata. Wannan kuwa ƙasa ya kai hannu.

"Kai, durƙusawa ka yi?" ya raɗa masa. "Gudu mana!"

Bature bai gudu ba. Safar hannun ta zagaye wuyan hannun Ba-Gudu ta riƙe gam. Numfashi yana fitowa ta cikin bandeji.

Ba-Gudu ya waiga neman agaji. A layi na uku, ga Mai Aski zaune da ƙullin gyaɗarsa, yana kallonsa.

Ba-Gudu ya zube ƙasa, muryarsa ta cika ɗakin fiye da ta lasifika.

"Ranka ya daɗe, ka yi mini rai! Ni na ƙirƙiri maganar mutuwarka, ban san gaskiya ba ce! Ni na sato kayan nan! Gadin ma barci nake yi, wallahi ko kare ba na iya kora!"

Wani ya kunna fitila. Idanu ɗari biyu da wani abu suna kansa.

Baturen ya cire hular, ya warware bandejin a hankali, sai ga fuskar Shugaba. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni makullan."