Mai Rewaya da Mota Mai Sitiyari a Dama

Kai da kake cewa hannunka ya faɗa a sana'a har ba ka buƙatar shawarar kowa, zauna ka ji misalin wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Gwani ne, ba zan rage masa ba. Shekararsa talatin a aikin, kuma a duk layin garejinsu in wuta ta gagari kowa, shi ake kira. Sai dai fa yabo ya hau masa kai. Wata rana wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya sa aka janyo masa wata tsohuwar Fijo da mahaifinsa ya saya tun kafin a canza hannun tuƙi a ƙasar nan, shi ya sa sitiyarinta yake a dama. Ita kaɗai ta rage masa daga abin da uban ya bari. Dattijon ya riga ya gyara inji, ya yi fenti, ya ɗinke kujeru. Saura damin wayarin, wannan tarin wayoyi da ake naɗewa wuri guda, mai kai wuta daga batir zuwa fitilu da hon da sitata, wanda ɓeraye da tsufa suka gama da shi. Dattijon ya ce, "Malam, in za ka sayo sabo, ka tafi da tsohon, ka shimfiɗa su gefe da gefe ka auna. Motar nan ba irin na yanzu ba ce." Mai rewaya ya ce to da baki, amma a ransa cewa ya yi, ikon Allah, yau kuma mai alli da allo ne zai koya mini waya?

Haka ya tafi kasuwar kayan gyara yana kaɗa hannu. Mai shago ya fito masa da dami biyu, ɗaya a cikin tsohon kwali da ya sha ajiya, ɗayan sabo fil yana sheƙi a leda. Mai shagon ya buɗe baki zai tambayi ko wane hannu ce motar, gwanin naka ya katse shi, wai Fijo ai Fijo ce, ya ɗauki mai sheƙin. Da ya dawo ya zare tsohon damin ya jefa a wuta, yadda suka saba yi don robar ta narke a samu jan ƙarfen da ake ba 'yan gwangwan. Sai da ya zo ɗaurawa ido ya raina fata. Sabon damin na mota mai sitiyari a hagu ne, duk wayoyin da ya kamata su iso wajen makulli sun tsaya a can ɗaya gefen, ba su kai ba da kamu biyu. A nan ne mai hankali zai naɗe kayansa ya koma ya ce na yi kuskure. Shi kuwa ina! Ya tuna fuskar mai shago, ya tuna bakin abokan aiki, sai ya ɗauki filaya ya shiga yanka yana ƙari, yana naɗewa da salatif, yana cusa aikin a ƙarƙashin gaban mota inda ido ba ya kaiwa. Jar waya ta haɗu da koriya, ga shi babu tsohon damin da zai duba. Fis, ɗan abin nan da ke yankewa in wuta ta yi yawa, ya yanke sau uku yana gaya masa gaskiya, sai ya cire shi ya ɗaure wurin da waya mai kauri, kamar wanda ya toshe bakin mai yi masa nasiha.

Ranar karɓar mota dattijon ya zo da hantsi cikin farar babbar riga, kanikawan layin suka taru don ba kullum ake ganin irinta ba. Ya yi bisimilla ya murza makulli, inji ya tashi. Yana kunna fitila sai wari, sai hayaƙi, kafin a ce kwabo wuta ta laso daga ƙarƙashin sitiyari. Aka janye dattijon, aka cire kan batir, aka yi ta watsa ƙasa. An kashe ta, amma gaban motar ya tafi, sitiyarin da hannun ubansa ya goge shekara da shekaru ya narke ya lanƙwashe. Wallahi da dattijon ya yi zagi da ya fi sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce, "Ba komai, haka Allah ya ƙaddara. Ba ni tsohon damin. Akwai wani a Kano da ke saƙa sabo in an ba shi na asali ya kwaikwaya." Mai rewaya ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. A gaban duk mutanen da suka yi shekara talatin suna kiransa gwani, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ƙona shi." Dattijon ya nemi motar ja ta ɗauke gadonsa. Shi kuwa mai rewaya sai da ya yi wata guda bai iya zama cin abinci da abokan aikinsa ba, kuma har ya bar sana'ar, in ya hango dattijon a hanya sai ya saki layi. Gaskiyar masu iya magana da suka ce girman kai rawanin tsiya.