Filashin Bakin Zane

Kin ga, mai gyaran kwamfutar nan na kasuwar Ƙanƙara ya soka filashinsa, ya zare, ya sake sokawa, kwamfutar ta ƙi tashi. Sai ya dubi wata dattijuwa da ke jiransa.

"Inna, nawa ya lalace. Kina da wani?"

Baiwar Allah ta kwance bakin zane ta miƙa masa nata. Ya goge shi tas, ya loda manhajar Windo, sai ga kwamfuta ta kawo haske.

"Madalla, ɗan nan! To kunna mini karatun autana, yana cikin filashin. Don in ji muryarsa na taso tun daga Tafoki."

"Ai na goge. Ki ce ya sake karanta miki mana."

Ta karɓi filashin, ta mayar bakin zane, ta ƙulle a hankali. Wallahi, ko gawar yaron 'yan bindiga ba su ba ta ba.