Izinin Awon Jini

Hidaya, mai binciken wa ke iko da jikin mace, ta kasa yarda da amsar Iyatu. A ce matar ƙauye a Bagega ta je awon gubar dalma ba izinin miji? Ta saci kallon mijin yana gyaran babur a zaure. Lalle shi ya kitsa mata.

"Inna, faɗi gaskiya, ba ya jin mu."

"Jinina na, ɗiyata, ba nashi ba. Ke da kika kwana goma cikin ƙurarmu mai dalma, an auna naki? Tashi in raka ki."

Hidaya ta ciro waya. "Bari in tambayi maigidana tukuna."

Iyatu ta tura mata takardar da Hidaya ke rubuta amsoshi a ciki. "To, rubuta wannan ma."