Bakan Hassan

Wata la'asar a garin Hawata, kakana yana zaune a gindin aduwa yana feƙe reshen dargaza. Har yau ina jin ƙamshin ɗanyen itacen nan. Na ɗauka ni yake sassaƙa wa baka, shi ya sa da ya ce, "Ta'al, ya walad, zo nan yaro, a gwada," na yi zumbur na miƙe. A wurinsa, tsawon baka daga ƙasa ne zuwa haɓar mai shi.

Amma bai gwada a jikina ba. Ya tsayar da sandan a hagu da ni, inda babu kowa, ya yi alama da wuƙa.

Na ce, "Kaka, ga ni nan."

Ya ce, "Na gan ka. Na Hassan ne. Bana ya fi ka tsawo."

Ni da Hassan tagwaye ne. Ya rasu tun ba a yaye mu ba.

Kaka ya dubi wurin ya ce, "Riƙe, in ɗauko tsirkiya." Ya saki sandan ya shige ɗaki. Sandan bai faɗi ba.

Yanzu na yi furfura, amma kafaɗata ta hagu ba ta taɓa jin sanyi ba.