Man Leɓen da Ake Shanyawa a Rufin Kwano

Tunda ka dame ni da cewa kayan maƙwabtanka sun fi naka ɗaukar ido, zauna ka ji. An yi wata mata mai haɗa man leɓe da man kaɗanya da kakin zuma, tana zubawa a 'yan ƙananan gwangwanaye marasa ado. Da kyar wani mai shagon kayan kwalliya ya ba ta lungu ɗaya a kantarsa, can ƙasa inda sai an durƙusa ake gani. A sama kuwa na manyan kamfanoni ne jere, ja da ruwan hoda, sai ƙyalli da ƙamshin alewa. Ita tana da wata ɗabi'a: duk tukunyar da ta dafa, sai ta kafa tsani ta jera gwangwanayen a kan rufin kwano tun hantsi har la'asar. Wanda ya narke ta mayar da shi wuta ta ƙara masa kaki. Matan unguwa har leƙowa suke ta katanga suna dariya, wai ga mai shanyar mai kamar kuɓewa. Mai shagon ma ya ce nata ya cika tauri, ta rage kakin ta zuba kala, in ba haka ba bayan salla zai kwashe ya ba wani lungun. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don sana'ar ke nan da take riƙe gidanta da ita. Ta dai ce masa, "Alhaji, ni don garin nan nake yi, na kuwa san ranarsa."

Ai kuwa bazara ta kama, irin wadda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, ga wuta an ɗauke, fankar shago ta tsaya cak. Masu ƙyallin nan suka saki jiki, suka malale a kanta kamar man gyaɗa. Mata suka riƙa dawowa da jakunkuna a buɗe suna masifa, wannan ya ɓata mata mayafi, waccan ya shiga mata waya. Wata a cikinsu ta zaro ɗan gwangwanin nan daga jakarta, ta buɗe a gaban kowa, ga shi daram kamar yanzu aka zuba. Kafin magariba lungun ƙasa ya zama wayam, manyan mata na durƙuso suna lalube. Washegari Alhaji da kansa ya yi sallama a ƙofar gidanta, ya tarar da ita a kan tsani tana sauke na ranar. Ya ce kantar sama tata ce, ta kawo ko nawa ne. Daɗi ya kama ta har sai da ta riƙe tsanin da hannu biyu, amma ta ce ya yi haƙuri zuwa jibi, sauran ba su sha rana ba tukuna. Ya tsaya a zaure yana godiya.

To ka ji. Shi ya sa Hausawa ke cewa, ba girin-girin ba, ta yi mai.